Shekarar da Na Share Gonar Ammu Ramadan

Da sunan Allah nake ɗaukar alƙalami, shi da ya bar ni da rai har na ga jikokina suna yi mini gardama da Larabci. Ku 'ya'yana, Magaji da Amina da sauran ƙannenku, akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a gidan nan, ni kuma na bar ta tana yawo saboda tana yi mini daɗi. Kuna gaya wa 'ya'yanku cewa babanku ya taɓa zama shekara uku a duwatsun kudu yana koya wa mutanen can noma, har ya ƙi karɓar hawasha, gonar da hukuma ke bayarwa, a garin Wad Haddad don tausayinsu. Ran sallar da ta wuce na ji Magaji yana ba baƙi wannan labari a zaure, ya ƙara masa gishiri, wai har katanga suka gina da sunana. Na ci gaba da kurɓar shayina, amma kunya ta hana ni barcin rana. Ban koya wa kowa noma ba. Ɓarna na yi, wadda ta kusa raba wani dattijo da abincin gidansa, kuma wadda ta tsaya aka gyara ɓarnar ita ce uwarku Hajo, Allah ya jiƙanta. Bari in faɗi yadda aka yi tun ina da sauran haƙoran faɗa.

Kun san a bukkokin leburori na bayan Wad Haddad aka haife ni. Kakana ya baro ƙasar Sakkwato da niyyar Makka, ƙafarsa ta tsaya a Jazira, ƙasar Larabawa da ke kan hanyar, mu kuma muka tashi a gonakin audugar wasu. Ƙasar can baƙa ce, shimfiɗe kamar tabarma, kuma ko za ka yini kana tafiya ba za ka yi tuntuɓe da dutse ba. A duk unguwarmu dutsen niƙa ɗaya ne, na uwata, daga nesa aka kawo shi, ana lallaɓa shi kamar jinjiri. Abin da aka koya mini tun ina ƙarami shi ne gona ta zama fes, babu ko kara, kunyoyi su miƙe sambal yadda idan an buɗe ruwa daga magudana zai gudu har ƙarshen gona ba abin da ya tare shi. Idan mai duba gonaki ya ga tsinke a kan hanyar ruwa, ranar sai kunnenka ya yi zafi. Na iya wannan aiki, kuma na san na iya, abin da ya ja mini ke nan. Burin kowane namiji a cikinmu kuwa hawasha ce, wato gonar da hukuma ke rubuta wa mutum da sunansa, ya daina tsinkar audugar wani.

A shekarar farin da ta kori mutane da yawa aiki ya yanke mana. Na ɗauki Hajo, Magaji yana goye a bayanta, muka hau lori zuwa Rusairis. A can na sami jaki, na ɗora masa gishiri da albasa da busasshen kifi, muka yi ta bin ƙauyuka muna yin kudu, har ƙasa ta fara tashi a gabanmu. Ranar da na fara ganin dutse sosai na ɗauka hadari ne ya haɗo. Mutanen wurin Barta ne, Musulmi kamarmu, suna da harshensu amma suna jin Larabci, gidajensu na gora ne a liƙe jikin dutse, rabin danginsu kuma suna tsallaken iyaka a ƙasar Habasha. Mun isa ƙauyen da kuka sani ana saura kaɗan damina ta faɗi. Wani dattijo dogo siriri ya sayi gishiri a wurina, ya dubi Hajo da yaron, ya dubi sama. Kowa Ammu Ramadan yake ce masa, kamar yadda mu za mu ce Baffa.

"Ɗana, idan ruwa ya sauka hanyar nan ko jaki ba ya bin ta. Ka zauna ka yi damina a nan. Akwai ɗaki, akwai kuma wani yanki a saman gonata da ƙafata ta daina kaiwa. Ka noma shi, abin da Allah ya bayar naka ne."

Haka kawai, bai tambayi ko sunan ubana ba. Matarsa Sittana ta share mana ɗaki, kuma tun daga ranar ba ta taɓa yin kisra, wainarsu ta dawa mai faɗi, ba ta aiko mana da tamu ba. Wajen wata guda muna ci muna sha, ni ina zagaya ƙauyukan kusa da jakina. Da lokacin gyaran gona ya yi, sai aka aiko wa Ammu cewa ƙanwarsa ta rasu a tsallaken iyaka. Shi da babban ɗansa Jabir, wanda sa'ana ne, da yawancin mazan ƙauyen suka tafi gaisuwa. Kafin ya tafi ya riga ya yi binne a gonarsa ta ƙasa, ya zuba duk irin dawar da ya ɓoye tun bara yana jiran ruwan fari. Ni kuma ya nuna mini yankina da sanda daga nesa ya ce in fara.

Da na hau na ga yankin, tausayin tsohon ya kama ni. Duwatsu ne jere-jere sun gitta gonar, wasu tsayin gwiwa, wasu ba su kai ba, busasshiyar ciyawa ta rufe su, ƙasa ta taru a bayan kowane jeri ta yi tudu. Na ce a raina, bayin Allah, ƙarfi ya ƙare, sun tara shara a tsakiyar gona sun kasa kwashewa. Na ɗaura niyyar in saka wa Ammu alherinsa, ya dawo ya ga yadda ake gona a Jazira. Na tuɓe riga na kama aiki. Akwai kwazazzabo a gefen yankin, sai in ɓamɓaro dutse in mirgina shi, in ji yana ƙara har ƙasa. A kwana na biyu Hajo ta hawo da abincin rana, ta ajiye ƙwarya, ta tsaya tana kallon jerin da ban kai gare shi ba.

"Malam, duwatsun ga kamar da hannu anka jera su. Dubi yadda ƙanana sunka shiga ƙarƙashin manya. Ka bari tsohon shi dawo ka tambaye shi mana."

"Ke Hajo, mi kinka sani ga gona? Ki bar min aikina, ni ban shiga miki tukunya ba."

Ta ɗauki ƙwaryarta ta sauka. Matan ƙauyen da ke wucewa can ƙasa sun ji ƙarar duwatsu, amma yankin yana bayan kafaɗar dutse, sun ɗauka Ammu ne ya sa ni gyara. A kwana huɗu na kwashe jeri huɗu. Na baje ƙasar, sannan na ja kunyoyi miƙaƙƙu daga sama zuwa ƙasa, yadda ruwa zai sami hanya. Na tsaya a sama na riƙe ƙugu ina kallon aikina, wallahi har na yi fatan mai duba gonakin Jazira yana kusa ya gani.

Ruwan fari ya sauko da la'asar a kwana na shida. Muna tsaye a bakin ɗaki ni da Hajo muna murna, sai muka ji Sittana ta ƙwalla ihu tana nuna dutse. Jan ruwa ne yake gangarowa ta kunyoyina, kowace kunya ta zama rafi. Ya kwashe ƙasar yankina kaf, ya haɗu ya daki jerin da ke saman gonar Ammu ya fasa shi, ya bi ta cikin binnen ya yage shi gida biyu. Kafin magariba rabin gonar da ke ciyar da baki goma sha ɗaya ta koma tsakuwa, irin kuma ya bi ruwa zuwa kwazazzabo. Ni da na zo da jaki ɗaya aka ba ni ɗaki, na yi wa gidan abin da farin bara bai yi masa ba.

Washegari da hantsi su Ammu suka dawo. Bai shiga gida ba, kai tsaye ya hau gona, mu muna biye. Ya tsaya a inda yankina yake, dutse tsirara sai sheƙi yake yi. Sai ya juyo gare ni.

"Ina duwatsun?"

Na nuna masa kwazazzabo. Sai kawai ya zauna a ƙasa, a cikin laka, da farar rigar gaisuwarsa. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Jabir kuwa sai da maza biyu suka riƙe shi. Da yamma dattawa suka taru a gindin tsamiya, suna magana da harshensu, ban ji ko kalma ba amma na ga hannuwa suna nuna hanyar Rusairis. Daga baya na ji cewa Jabir da wasu sun ce a kore ni a ranar. Ammu ya ce baƙonsa ne, shi ya nuna mini gona da sanda bai taka ya gaya mini abin da ke cikinta ba, don haka laifin a raba shi biyu.

Da safe ya kira ni, muka hau tare a hankali, yana tsayawa yana hutawa. Muka wuce yankina har can ƙololuwa, inda wani tsohon jeri yake wanda hannuna bai kai gare shi ba. Ya dafa shi.

"Wannan kakan kakana ya jera shi. A zamaninsa muna ƙasa, bakin rafi, sarakunan Sinnar suna aiko a ba su zinariya, a ba su, su tafi. Sai Turkawa suka zo, su zinariya ba ta ishe su ba, har mutane suke kamawa. Aka gudo nan sama inda doki ba ya hawa. Babu ƙasa a nan, a cikin fata suka riƙa hawo da ita. Na ƙasa da shi, wanda ka fara kwashewa, an yi shi lokacin da mutanen sarkin Habasha suka ɓullo ta gabas suna neman nasu rabon. Na biye da shi wata mace ce ta jera shi ita kaɗai, bayan an tafi da mijinta. Na ukun na kakana ne. Na huɗun ubana, a shekarun da Ingilishi da Habasha suka ja iyakarsu ta bi tsakanin gidan kawuna da rijiyarsa, hari ya lafa, muka fara sauka. Duk wanda ya mulki ƙasar nan ya zo da abin da yake so a wurinmu. Babu wanda ya taɓa tambayar me muke ci. Waɗannan duwatsun ne suka ciyar da mu."

Ya kira mini sunan kowane jeri, domin a dutsen nan jeri yana amsa sunan wanda ya jera shi, kuma zuriyarsa ce ke gyara shi kowace shekara kafin ruwa. Ni da nake taƙama da sanin gona, ashe aikin mutum huɗu na rushe a kwana huɗu, kuma duk huɗun suna kabari. Na durƙusa ina ba shi haƙuri, hawaye na zuba, ban ma san da wane harshe nake magana ba. Na tambaye shi me zan yi.

"A wurinmu wanda ya rushe jeri shi ke tayar da shi. Amma ba a ɗora wa baƙo wannan. Dutse kwana goma ya ishe shi ya dawo, idan an taru. Ƙasa ce ba ta hawa da ƙafarta, sai an ɗauko ta, kuma aikin shekaru ne. Hanya tana buɗe har yanzu, ɗana. Idan ka tafi ba wanda zai bi ka da magana."

Kwana biyu bayan haka wani ɗan kasuwa ya iso da wasiƙa daga yayana Ummaru, ya yi ta cigiyata tun daga Rusairis. Wani tsoho mai hawasha a Wad Haddad, wanda ubanmu ya yi wa aiki shekara da shekaru, ƙarfinsa ya ƙare kuma ba shi da ɗa namiji. Ya yarda a sa sunana a madadinsa, amma sai na bayyana da kaina kafin a fara shukar auduga. Abin da kakana bai samu ba, ubana bai samu ba, ga shi an miƙo mini. A nan ne labarin da kuke bayarwa ya fi kauce wa gaskiya. Ban yi wani dogon tunani ba, ban yi tausayin kowa ba. Bayan sallar asuba na fito da jakina na fara ɗaure kaya. Hajo tana tsugune a ƙofar ɗaki tana niƙa wa Sittana 'yar dawar da ta rage, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Malam, ina za mu?"

"Gida. Hawasha ta samu. Tashi ki goya yaro."

"To gonar tsohon ga fa?"

"Da bakinai yac ce ba a tilasta ma baƙo."

"Ya ce ba a tilastawa, bai ce ba a jin kunya ba. Tun ran da munka zo nika cin kisrar matar ga. Jiya da idona nig ga ta rage ma jikanta ta ƙara ma ɗiyanmu. Kai tai ka amshi hawasha, Allah shi sa albarka. Ni ba ni sauka dutsen ga sai ƙasar da kaz zubar ta koma inda kas same ta."

"Ke kin san abin da kika faɗi? Har ki mutu audugar wasu za ki tsinka, ke da ɗiyanki!"

"Na saba. Halas, magana ta ƙare, ka matsa min, kana tare min haske."

Na yi faɗa, na yi lallashi, na kawo mata Allah da Annabi, ita dai niƙanta take yi. Har rana ta take jakin yana tsaye da kaya a bayansa. A ƙarshe na kwance kayan. Ba don zuciyata ta yi kyau ba, kada ku yi mini wannan shaidar. Na rasa da wace fuska zan shiga unguwarmu ba mata ba ɗa, in ce ta ƙi biyo ni saboda ta fi ni kunya. Na ba ɗan kasuwar amsa ya kai wa Yaya Ummaru, ruwa na biyu ya sauko, hanya ta rufe.

Da Ammu ya ga an mayar da kaya ɗaki, sai ya kira gayya, wadda su ma nafir suke ce mata kamar Larabawa. Duk ƙauyen ya fito, aka jeru daga kwazazzabo har yankina ana miƙa dutse hannu da hannu, samari suna busa dogayen ƙahonin nan nasu na gora da duma. Su suna da abin shansu na gayya, mu sai Sittana ta dama mana kunu ta ajiye a gefe, ba wanda ya taɓa yi mana tayin abin da ba ma sha. Jabir aka haɗa ni da shi, kwana uku bai yi mini magana ba sai dai ya fizge dutse daga hannuna ya juya shi. A hankali na gane: babba a ƙasa, a kwantar da shi yana jingine da dutsen, ƙanana su toshe ƙarƙashinsa, a bar 'yan kafofi yadda ruwa zai tsiyaye ƙasa ta tsaya. Ranar da na jera taku goma bai rushe mini ba, sai ya dube ni ya ce, "Injiniyan Jazira ya fara hankali." Sunan nan ya bi ni har yau, kuma daga ranar muka zama abokai.

Duwatsu sun koma cikin kwana tara, kusan yadda tsohon ya faɗa. Aka roƙo iri a maƙwabta aka sake shuka inda ƙasa ta rage, amma abin da aka girbe bai kai rabin na kullum ba. Shekarar mun sha wuya, kuma gidan Ammu ya sha ta saboda ni. Gishirina da kifina duk suka shiga tukunyar Sittana. Muka ci doyar daji da tohon gora da ganyayen da ban san sunansu ba. Mata suna zuwa rafi da akushi suna tace yashi, ɗan ƙurar zinariyar da suka samu a kai tsallaken iyaka a musanyo dawa. Ban taɓa jin wani a gidan ya ce ga wanda ya jawo ba, ko yaran.

Da rani ya shigo aka fara aikin ƙasa. Tana can kwance a gindin kwazazzabo inda ruwa ya zubar da ita, sai a haƙa a cika kwando a hau da shi. Na fara da jakin, amma hawan ya fi ƙarfinsa, kafin rani ya ƙare ya mutu. Daga nan sai kai. Ni ina haƙa ina hawa, ina kuma zuwa taya Jabir wasu ayyukan, amma Hajo ba ta da wani aiki sai wannan. Matan can a sanda suke rataya kaya su saɓa a kafaɗa, ita kuwa ta naɗa gammo ta ɗora kwando a ka irin namu, suna yi mata dariya tana rama musu da Hausa. Tun rana ba ta yi zafi ba take farawa, ta huta da azahar, ta koma. Rani uku tana wannan. A tsakiyarsu aka haifi Amina, a hannun Sittana, kuma ana gama wankan jego ta koma kan kwandonta. Na sha ce mata ya isa haka, sai ta soka ɗan yatsa a ƙasar bayan jeri ta ce ba ta kai yadda ta gan ta ranar da ta kawo mini abinci ba.

A damina ta uku bayan ɓarnar, dawa ta tsaya a yankin nan ta fi ni tsayi. A dutsen ba a cin sabon hatsi sai an busa ƙaho, dattijon gida ya zagaya gonarsa ya kira sunan kowane jeri, ya yi wa masu su addu'a, sannan ya ɗanɗana. Ranar Jabir ya riƙe hannun Ammu muka hau, jama'a na biye. Ya kira na kakan kakansa, ya kira huɗun da aka mayar, kowanne da tsohon sunansa. Akwai kuma sabon jeri da muka ƙara a inda ruwa ya fasa, don ya kare gonar ƙasa. Da muka iso gare shi na gyara wuyan rigata, na ɗan matso gaba, don ni na jera yawancinsa. Ammu ya dafa dutsen ya ɗaga murya.

"Wannan jerin Hajo ne."

Mata suka ɗauki guɗa. Ya juyo ya ga fuskata, dariya ta kama shi har da tari.

"Injiniya, kai ka rushe ka gina, hannunka na dama ya wanke na hagu. Ita ba ta rushe komai ba."

Hajo ta ja mayafi ta rufe fuska ta ɓuya a bayan Sittana. Ni kuwa na ji haushi na kwana biyu, sannan na ga gaskiyarsa. Katangar da Magaji ke cewa an gina da sunana ke nan.

Bayan girbin muka sauko. Hawasha an daɗe da ba wani, Yaya Ummaru ya yi shekaru ba ya amsa gaisuwata. Muka zauna a Abu Hujar ina noman albasa da kuɓewa a bakin kogi, a gonakin mutane. Abin da na faɗa wa Hajo cikin fushi ya tabbata: ta tsinki audugar wasu, ku ma kun tsinka, wasunku sun bar makaranta saboda haka. Na san akwai lokacin da kuka riƙa kallon 'ya'yan masu hawasha kuna jin zafina, kuma ban ga laifinku ba. Amma akwai abin da ba ku sani ba. Kun tuna uwarku ba ta iya waiwaye sai ta juyo da jikinta duka, har kuna yara kuna kwaikwayonta kuna cewa Inna tana juyawa kamar lori? Kwandon nan ne. Ita ta hana ni gaya muku, ta ce yara su yi dariyarsu. A ciwonta na ƙarshe, wata rana da hantsi ina shafa mata mai a wuya, na tambaye ta ko ta taɓa yin da-na-sanin ƙin saukowa.

"Jakin ga dai nika tausai, Malam. Shi ba shi da laifi."

Na gode wa Allah da ya haɗa ni da Ammu Ramadan, wanda na zubar wa abincin shekara ya raba laifin biyu ya ɗauki rabi. Na gode wa Sittana da ba ta taɓa rage mana kisra ba. Na gode wa uwarku da ta hana ni zama mutumin da na tashi zama a safiyar nan. Da na sami hawasha, da yau ina da gona, amma da ba zan iya rubuta muku sunan tsohon nan ba.

Ina zuwa gyaran jerin duk bayan shekara biyu ko uku, har yaƙe-yaƙe suka riƙa rufe hanya, gwiwoyina su ma suka rufe tasu. A shekarar da rigima ta tashi tsakanin mutanenmu da maƙwabta a wajen Rusairis, na ji jikokina a tsakar gidan nan suna zagin mutanen dutse gaba ɗaya, ba su ware kowa ba. A cikin makon ne wayar Amina ta yi ƙara, ta miƙo mini. Jabir ne, muryarsa ta tsufa kamar tawa. Ya tambaye ni mu nawa ne, kowa yana da rai? Ya ce ɗakinmu yana nan, an sake masa jinka, idan wuri ya yi zafi in kwaso kowa mu hau. Allah ya sassauta, ba mu je ba. Kafin ya ajiye ya ƙara da wata magana.

"Injiniya, jerin Hajo ya zube ta gabas. Shekarun nan 'ya'yana ke tallafa shi, amma ka san al'ada. Matar nan tana da zuriya."

Tana da zuriya, ku ne. Ni ba zan sake hawa dutsen nan ba. Kafin ruwan bana ya sauka, ɗaya daga cikinku ya je, ya tafi da ɗaya daga cikin masu zagin nan. Ku kai wa Jabir gishiri da busasshen kifi, ku ce daga Injiniya. Zai nuna muku jerin uwarku, shi ne na ƙasa, wanda ke saman babbar gona. Ku soka yatsa a ƙasar da ke bayansa ku ji zurfinta, da kanta ta hawo da ita. Kuma don girman Allah, duk dutsen da kuka gani a ƙasa, ku tambaya kafin ku ɗaga.